Ranar da Rautar Shamwilu Ta Koma Kanada

Wani mutum ne a kasuwar waya ta garinmu, ana ce masa Shamwilu Injiniya. Injiniyancin nan babu makarantar da ta ba shi, da kansa ya ɗauka ya rataya a wuya. Ɗan teburi ne da shi a ƙarƙashin matakalar ginin Alhaji Haladu, yana liƙa gilashin waya, yana zuba wa mutane manhaja. Amma in ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya jawo intanet daga bakin teku zuwa Arewa a kafaɗarsa.

Mu kuwa 'yan kasuwar waya ka san halinmu. Gara a ce mutum bai ci abincin rana ba da a ce wayarsa tsohuwar yayi ce. Shamwilu ya fi kowa wannan ciwo. Wayar hannunsa sai sheƙi take, idanun kyamara rututu a bayanta, amma a ciki tsohuwa ce tukuf. Abokinsa Mudi mai gyara ne ya cire mata tsohuwar riga ya sa mata ta sabon samfuri, suka rufe maganar tsakaninsu.

Ana nan sai shagon gaba na ginin ya zama fanko, shago mai ƙofar gilashi, mai kallon titi. Alhaji ya ce duk wanda ya gyara masa waifai na ginin, wato intanet ɗin da wayoyi ke kamawa ta iska, ya daina rarrafe, shi zai ba hayar shagon. Shamwilu ya gaji da zaman ƙarƙashin matakala, inda duk mai hawa bene sai ya karkaɗe masa ƙurar takalmi a ka. Nan take ya bugi ƙirji.

"Ranka ya daɗe, tsofaffin zangunan waifai ne suka cushe, kamar kasuwa ranar jajiberin salla. Akwai sabon zango, ana ce masa Shida. Titi ne fetal, babu kowa a kai. Ni zan buɗe maka shi."

"To me ya hana sauran buɗewa?" in ji Alhaji.

"Ilimi, ranka ya daɗe."

Ya sayo sabuwar rauta, wato akwatin da ke raba waifai, ya zuba mata manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ya zaɓi ƙasarmu, ya duba, sai ga zangon Shida a kulle gam. Ya danna, ya sake dannawa, ko gezau. Ya shiga zauren masu rubuta manhajar ya yi musu faɗa da Turancinsa mai ɗingishi. Suka amsa masa cikin ladabi cewa kowace ƙasa da dokarta a kan zangunan iska, akwai masu aiki da su tun kafin waifai, kuma su ba sa buɗe wa ƙasa sabon zango sai an kawo musu ƙa'idar hukumarta a rubuce sun shigar. Suka ce ya yi haƙuri.

Da ya fito wajen masu shayi sai ya ce, "Turawan nan roƙona suke kada in buɗe. Tsoro suke ji."

Ya koma ya yi dabararsa. Inda manhajar ta tambayi ƙasar da rautar take, ya goge tamu ya rubuta Kanada. Sai ga Shida ta bayyana a allon kwamfuta. Don ya nuna isa, ya kashe tsofaffin zangunan duka, ya bar Shida ita kaɗai. Ya ɗauko wayarsa ya nemi sabon waifai, wayam. Ai tsohuwa ba ta san da wata Shida a duniya ba, komai kyan rigarta. Amma ya ce a ransa, tun da allo ya nuna, ai tana aiki. Shi dai zai kunna datarsa a ɓoye, sauran su gani da nasu.

Ranar gwaji aka taru a barandar bene. Alhaji ya zauna a kujera riƙe da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda ban da kira da tocila ba ta san komai ba. Shamwilu ya ɗora rauta a teburi, ya gyara wuyan riga.

"Jama'a, kafin mu fara. Wannan zango ba kowace waya ke ganinsa ba. Sai babbar waya, 'yar asali. In taka ba ta gani ba, kada ka ji kunya, ka faɗa."

Ya danna bidiyo a tasa, fiu, ya tashi ba tsayawa. Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Can sai Lawandi mai sayar da caja ya yi gyaran murya.

"Tawa ta kama."

"Ni ma ga ta nan, cike," in ji Mudi.

Kafin ka ce me, baranda ta kaure. Wannan ya ce gudun har tsoro yake ba shi. Wancan ya ce tasa har ta ɗau zafi saboda sauri. Wani dattijo mai sayar da murfin waya ya ce shi tun daga ƙasan bene tasa ta jiyo ta.

Shamwilu ya ji wani sanyi a ransa. Ashe abin yana aiki. Sai kuma wani baƙin ciki ya biyo baya, wato duk faɗin kasuwar nan shi kaɗai ne mai tsohuwar waya, har da mai murfi ya fi shi. Ya haɗiye abin, ya buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, ka ga aiki. Rautar nan da kake gani, jikinta ne kawai a nan. A wajenta yanzu tana Kanada."

Alhaji ya jinjina kai. "Madalla. To ɗauko ta mu shiga sito. Can ne damuwata. Ko kira ba ya shiga, in ina lissafin kaya sai na fito tsakar gida nake amsa waya."

Siton nan kuwa can ƙuryar ginin yake, bango kamar na kurkuku, babu layin kamfanin da ya taɓa leƙa shi. Shamwilu ya san datarsa ba za ta yi aiki a can ba. Amma ya tuna wayoyin jama'a suna kamawa, in tasa ta tsaya sai ya ce batir ne, ya ari ta Lawandi. Bai lura ba, Lawandin ya fara cewa ya bar shago ba kowa, mai murfi kuma ya tuna bai yi alwala ba. Alhaji ya ce babu inda kowa za shi, ai shaidu yake so.

Aka ja dogon kebul, aka ɗora rauta a kan kwali, aka kewaye ta kamar masu jin ɗumi. Fitilarta na ƙyaf-ƙyaf. Alhaji ya ce kowa ya kunna bidiyo.

Da'irar nan ta jira ta fara juyawa a wayar Shamwilu. Ya saci kallon ta Lawandi, tana juyawa. Ta Mudi, tana juyawa. Duk inda ya waiga, juyi ake, kowa ya yi tsuru-tsuru yana kallon silin. Sai a lokacin ya gane cewa tun a baranda babu wanda ya ga komai, kowa datarsa yake ƙonawa don kada a raina wayarsa. Sai borin kunya ya taso masa.

"Ranka ya daɗe, laifin wayoyinsu ne. Duk na bogi ne, kwashe-kwashe. Ƙarya suka yi maka."

"To taka fa?" in ji Alhaji. "Ai na ga ita ma tana ta murza gero."

"Tawa batir ne."

Mudi, da aka kira wayarsa kwashe-kwashe a gaban mai gida, ya ce, "Batir lafiya lau yake, Injiniya, ni na sa shi. Ranar da na sa mata rigar nan. Alhaji, wannan wayar ta girmi auren Lawandi."

Sito ya ɗauki dariya, har da waɗanda ya kamata su yi shiru, kowa na murna an sami wanda ya fi shi jin kunya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya dubi rautar, ya dubi Shamwilu.

"Ɗan nan, ina ka ce akwatin nan take yanzu?"

Shamwilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Kanada, ranka ya daɗe."

"To ka maido min da tsohon waifaina mai rarrafe kafin la'asar. Shago kuma, tun da can ka yi wa aiki, sai ka je su ba ka a can."