Ranar da na ce wa Malam ƙwaya ke riƙe da shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida Malam, mahaifin budurwata Hauwa, a Rurum Sabon Gari ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ilimin halittu nake karantawa, kaina ya kumbura suntum. Bincikena a kan wasu siraran zaruruwan furotin ne da ke cikin ƙwayar halitta, su ke tallafe ta su ba ta siffa, kamar yadda azara ke riƙe rufin ɗaki.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko'ina farautar 'yan ƙwaya ake yi. Ni kuwa karatu ya tsotse ni, ƙashi da rai, idanu jajur. Na durƙusa a zaure gaban Malam da aminansa, aure nake nema.

"Samari, me ake karantawa?" in ji Malam.

Don in nuna abin ya zama jikina, sai na gutsure sunan, na yar da "halitta". Na ce, "Ƙwaya, Allah ya gafarta Malam. A kanta nake kwana, a kanta nake tashi."

Dattawan suka kalli juna. (Ni, sakarai, na ɗauka burge su na yi.) Sai na ƙara wuta: "Ai ba wajenta ne abin mamaki ba, sai ka shiga cikinta. Akwai wani ƙwarangwal a ciki!"

Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ga shi kuwa muna gani."

Wallahi ban farga ba. Na gyara zama na ce, "Kai kanka, Malam, ƙwaya ce ke riƙe da kai. Ba don ita ba, ko zaman nan ba za ka iya ba."

Malam ya ajiye carbinsa. "Ni?"

"Kai fa! Jikinka duk ita ce."

"Tashi, yaro. Allah ya shirye ka."

Sai a motar komawa Rano abin ya faɗo mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tura kawuna ya yi bayani, Malam ya ce ai da kunnensa ya ji. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Bayan sallah aka ɗaura wa Hauwa aure da wani mai kemis a Kibiya, wanda ke sayar da ƙwaya kwali-kwali. Darasin da na koya shi ne, sayar da ita ba ya hana mutum aure, karanta ta ke hanawa.