Darasin Tsugunno a Layin Teloli

Ina kan keken ɗinki maƙwabcina Malam Sani ya leƙo shago ya ce, "Tashi, an buɗe ajin masu ciwon baya a asibiti. Ba allura, motsa jiki ne kawai."

Tun rasuwar matata babu mai shafa mini man zafi a baya, ban kuma gaya wa kowa ba, Sani ne ya lura da kansa. Lokacin ana wahalar mai, ban tsaya jiran mota ba, na taka da ƙafa.

Wata ma'aikaciyar asibitin ta koya mana ɗaga kaya: a lanƙwasa gwiwa, baya ya tsaya a miƙe. Ta ce mu bi a hankali, akwai sauran darasi. Ni kuwa na ji na sauke karatu. Na dawo kasuwa na tara telolin layinmu, har da masu jiran ɗinki, na ce yau ciwon baya ya bar Suleja.

Na sauke kan keken ɗinki ƙasa don in nuna musu yadda ake ɗagawa, na tattare riga, na ware ƙafa, na tsuguna da ƙarfi. Baya bai ce komai ba. Wando ne ya yi magana, tun daga ƙugu har gwiwa.

Wata Hajiya da ta kawo mini yadi ta ce, "Malam, wa ya ɗinka maka wandon nan?"

"Shi da kansa, Hajiya," in ji Sani.

Ta naɗe yadinta ta shige shagon gaba.

Har yau in na sunkuya sai wani ya ƙwala kira, "Likita, riƙe wando!" Wandon yana nan rataye a bayan ƙofa, ban gyara shi ba.