Ranar Da Greensboro Ta Miƙe Wa Alhaji

Duk cikin masu jin Hausa na Greensboro ta Amurka babu wanda ya san wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da kulki, kamar Alhaji Abdul-Gafar. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba mutum ne mai faɗar magana sau ɗaya ba. Ya san gwarazan wasan tun na zamanin hoto baƙi da fari. Ya san wanda ya ci kambun gwarzon shekara, da wanda aka kafa wa allon tagulla a zauren girmamawa na Cooperstown. Saboda haka jama'a suka naɗa shi Sarkin Kulki, ya karɓa hannu biyu.

Abu ɗaya ne kawai ayyuka ba su bar shi ya yi ba: zama ya kalli wasan.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar masu jin Hausa ya matso, Hajiya Abibata, ma'aikaciyar jinya, ta fito takara da shi. Alhaji ya ga lokaci ya yi da za a san matsayinsa. Ya gayyaci dattawa kallon wasa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci.

Dattawa suka isa filin wasa da wuri. Alhaji kuwa babban mutum ne, ba ya riga kowa zuwa. Sai da rana ta karkata ya taso daga unguwar Sedgefield, babbar riga na jan ƙasa.

To, al'adar wasan ce idan an kai tsakiyar zagaye na bakwai 'yan kallo su miƙe gaba ɗaya, su miƙe ƙafa, su yi waƙa, su koma su zauna. Daidai lokacin Alhaji ya sako kai. Yana ganin dubban mutane tsaye, sai ya dafe ƙirji. Ya ɗaga hannu dama, ya ɗaga hagu. Ya yi wa wata tsohuwar Baturiya alamar ta zauna, kada ta wahalar da kanta.

"Kun gani da idonku," in ji shi da ya iso wurin dattawa. "Ban gaya wa kowa zan zo ba. Amma Bature ya san mai ilmi. Ƙungiyar da ke da irina tana neman wani shugaba?"

Baba Simeon, dattijon coci, ya goge gilashinsa. Wani abu ya tsaya masa a rai, don ya ga mutane sun fara tashi tun Alhaji bai ɓullo ba.

"Alhaji, wannan karamci ya fi ƙarfin gani ɗaya," ya ce. "Lahadi mai zuwa ni zan ɗauko ka, mu zo da sauran jama'a."

Baba Simeon bai san latti ba. Aka shiga da Alhaji tun ana share fili. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Mai sayar da gyaɗa ne kaɗai ya dube shi.

"Ba su gama taruwa ba," in ji Alhaji.

Aka fara wasa. Rana ta buɗe, Alhaji ya ci gyaɗa, ya yi bayanin wata shekara mai tarihi, muryarsa na raguwa. Ko da aka kai zagaye na bakwai, filin ya miƙe kaf ana waƙa. Mutum ɗaya ne a zaune, hula ta rufe masa ido, yana munshari.

Hajiya Abibata ta lashe zaɓe ba gardama. Sai dai jama'a ba su yi wa Sarkin Kulki butulci ba. Har gobe idan ya shigo taro a makare, kowa yakan miƙe tsaye, ya yi miƙa, ya yi hamma, ya koma ya zauna.