Ruwan Da Na Gani A Ɗakin Hafsatu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Hafsatu 'yar ƙanena a Roni ba. Ni ce babbar gwaggo, don haka ni aka sa gaba in fara shiga ɗakin da bismilla da kaskon turare kafin a shigar da kaya. (A unguwarmu a Kazaure an san ni da ido, daga nesa nake raba tangaran da roba.)

Bayan azahar ne, babu wuta, labule a sake. Ina tura ƙofa na tsaya cak. Ruwa ne a ɗakin, baƙi wuluk, bango zuwa bango, kwance ba ko motsi. Hayaƙin turarena yana yawo a cikinsa. Na sunkuya, sai ga wata mata daga ƙasa tana kallona, ita ma riƙe da kasko. Ni da na tashi kusa da dam, na san labarin masu zama a irin wannan ruwa.

Na ja ƙofa a hankali, na ce wa matanmu a mayar da gado mota, ba za a kwantar da 'yarmu a nan ba. Har an fara ɗaga katifa maganar ta kai kunnen uwar ango, wata tsohuwa marar yawan magana. Ta zo ta buɗe ƙofar, ta taka ruwan. Ta yi ta tafiya a kansa har tsakiyar ɗaki, ƙafarta a bushe.

"Hajiya, shigo mana," in ji ta. "Daɓen tayil ne, jiya aka goge shi."

Matan suka yi tsit. Da dariya suka yi ma da ya fi min sauƙi.

Daga baya Hafsatu, da yake ta yi karatun jinya, ta ce min ƙwaƙwalwa ba ta jiran hannu, da ta ga sheƙi da hoton mutum a ƙasa sai ta yanke cewa ruwa ne. Na yarda. Amma ranar, ko da na shafa na ji tauri, ƙafata ba ta yarda ba. Zanina na tattare har ƙwauri na shiga ina sanɗa, a gaban dangin ango.

Har yau in na je gidan sai sun tambaye ni ko a kira mai kwale-kwale. Ni dai yanzu duk abin da ya yi ƙyalli, sai na dangwala masa yatsa kafin in buɗe baki.