Malam Sikeli da Wakilin da Ya Yarda da Shi

Allah Ya yi wa kamfanin nan baiwa da Malam Sikeli, shi kuma ba ya gajiya da tuna musu. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara wuyan riga. Ofishinsa ne kaɗai mai taga biyu, kujerarsa ce kaɗai mai juyi, kuma idan hasken hantsi ya sauka a kan sanƙonsa, sai ka rantse don shi rana ta fito.

Kamfanin yana da wakili, wata manhaja mai basira da ake aike kamar ɗan aike. Wakilin ba ya ganin kayan aikinsa. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka. Malam Sikeli ne alƙalin waɗannan bayanai, kuma bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya gwada ko ɗaya a kan wakilin ba. Gwaji, in ji shi, na masu shakka ne. Miƙewa yake yi, ya karanta da ƙarfi, ya lumshe ido ya saurari yadda kalmomin suka zauna masa a ƙirji.

Wata injiniya ta taɓa kawo masa nata: wannan yana soke odar kaya, a ba shi lambar odar, ya dawo da tabbaci. Malam ya dube ta da tausayi.

"Ƙanwata, wannan bayani ne ko ƙashi? Ina tsoka? Ina ƙamshi? Wakili ma yana son a girmama shi."

Ta koma ta ƙara kirari, ya ba ta maki.

A gida ma haka yake haskakawa. Ƙwan fitilar zaure ya daɗe da mutuwa, kullum sai ya tsaya a ƙarƙashinsa ya siffanta wa matarsa duhun, siffa mai ratsa zuciya. Ita kuwa ta ce, "Baban yara, tsani na bayan ƙofa." Sai ya tuna yana da nazari.

Ana nan sai shugabar kamfanin ta ce daga yanzu wakili ne zai riƙa raba ƙorafin ma'aikata ga waɗanda za su magance shi, don haka kowa ya rubuta bayanin kansa kamar na kayan aiki. Direba ya ce yana tuƙi. Mai shara ta ce tana shara. Malam Sikeli ya rufe ƙofa, ya zuba shayi, ya rubuta cewa shi ne mafakar mai matsala, babu ƙulli da ya gagare shi, duk abin da ya tsaya a kawo masa zai tafi. Ya miƙe ya karanta, idonsa ya ciko. Da yake shi ne alƙali, ya ba bayanin makin da bai taɓa ba kowa ba.

Wakilin kuwa bai san kunya ba, bai san kara ba. Shekara da shekaru mutane na jin Malam suna gyaɗa kai suna wucewa. Wannan ce halitta ta farko da ta yarda da shi.

Washegari layin waɗanda wakilin ya turo ofishinsa ya kai matakala. Mai injin buga takardu da ya cije, direba da tayar da ta sace, mai gadi da ƙofar da ta ƙi rufuwa, sai mai shara a gaba, riƙe da sandar buɗe masai, tana cewa, "Ranka ya daɗe, na hawa na biyu ne ya toshe, an ce kai za a kawo wa."

Ya ruga wurin shugaba ya ce wakili ya yi masa rashin ladabi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce abu biyu ne. In bayanin gaskiya ne, ga aiki can yana jira. In ƙarya ne, to alƙali ya ba ƙarya maki mafi girma, kuma ofis mai taga biyu ba zai zauna da irin wannan alƙali ba.

Malam ya tuna tagogin, ya tuna kujerar. Ya naɗe hannun riga.

"Hukuncina bai taɓa kuskure ba," ya faɗa wa layin, ya karɓi sandar kamar ana ba shi tuta.

Ya yi yini a durƙushe. Ruwa ya jiƙa masa takalmi, ya haura zuwa gwiwa, yana yi wa masai jawabi a kan biyayya. Da yamma ya fito yana ɗiga, masai yana nan yadda yake.

Wakilin ya duba sakamako, ya rubuta a allon da kowa ke gani, ba kirari, ba ƙamshi: wannan bai dace da bayaninsa ba, kada a sake kiransa.