Yadda Ake Sabunta Manhajar Kamfani Ba Tare da An Taɓa Ta Ba

An ɗora maka sabunta manhajar adana gyare-gyare, wadda in an ɓata aiki yau ake komawa na jiya? Kana tsoron ka taɓa ta ta watse a kore ka? Kwantar da hankalinka, wannan hanya ba ta ba da kunya. Da ita Nuruddeen, jami'in kwamfuta na wani babban kamfanin hatsi mai rassa a Kaura, Shinkafi da Zurmi, ya daɗe yana barci da minshari.

1. Kira taro

A kawo tsire da lemo. Zuba Turanci mai nauyi kana girgiza kai. Duk wanda ya yi tambaya, jefa shi kwamiti. Kwamiti maganin mai baki ne.

2. Zaɓi ranar da ba za ta yiwu ba

Sa wa reshen Shinkafi Alhamis. Manajansu da kansa zai kira: "Haba Malam, ran kasuwa? Kowa na wurin awo, wa za ya zamna gaban kwamfuta?" Yi ajiyar zuciya, ka ɗage. Laifi ya koma kan kasuwa.

3. Aika saƙo ta tasha

Zurmi ba sabis, sai ka ba Jaji direba filas ɗin kwamfuta wanda babu komai ciki. Zai soka shi a rediyon mota, ya ji shiru, ya kai a zuba masa waƙoƙi. In ya isa, kai ne mai fushi.

4. Canza launi

Wata rana shugaba za ta gaji. Hajiya Lubabatu, shugabar su Nuruddeen, ce masa ta yi: "In kaka ta shigo ba a gama ba, nemi wani aiki." Kada ka firgita. Mai da fuskar manhajar kore, ka rubuta "Sabuwa" a sama. Da kunnensa Nuruddeen ya ji akawu yana rantsuwa: "Wallahi wagga ta hi waccan sauri!" Kada ka yi musu da mai rantsuwa.

5. Karɓi yabo, amma kada ka bar kujerarka

Nan gwanin namu ya yi sake. Murna ta ɗebe shi, ya fita cin balangu. Hajiya ta dubi Mudi, abokin aikinsa, mutumin da bai taɓa tambayar dalili ba: "Tunda sabuwa ta zamna, goge tsohuwa, ta cika muna wuri." Mudi ya duba ciki, manhaja ɗaya ce tak, da tsohuwar lambarta. Ya yi bisimilla ya goge, har da aikin kamfani tun daga farko.

Nuruddeen ya dawo yana sakace. Hajiya ta jawo masa kujera da fara'a: "Zo, gwani, buɗe muna sabuwar mu gani."

Gargaɗi: Mai wannan shawara ba ya ɗaukar alhakin kora, hawan jini ko sayar da babur. In naka Mudin ya riga ya yi bisimilla, ban san ka ba, ba ka san ni ba.