Abin da Gilashina Ya Hango a Bayan Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gwada sabon gilashin kyamara a Garo ba, kuma wallahi na so in manta.

Sana'ata ɗaukar hoto a cikin gida, wurin mata, inda maza masu kyamara ba sa shiga. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa duk abin da na iya sai kowa ya san na iya (ciwo ne, na sani). Wani mai shago a Gwarzo ya ba ni aron gilashin nan mai jawo nesa, in gwada kafin in saya. Nauyi kamar taɓarya. In na murɗa shi har ƙarshe hannuna rawa yake, sai na jingina da bango. Amma in ya kama abu, har zaren mayafi sai ka gani.

Walimar saukar Alƙur'ani ce ta Habibu, ɗan farin Hajara. Mutanen gidan asalinsu makiyaya ne, kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Hajara ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Da aka shigo da shi tsakar gida ya karanta wa iyaye mata allonsa, sai ta ɗauki tsintsiya ta yi bayan rumbu, wai shara.

Ni kuwa abu mai nisa nake nema in gwada. Na murɗa, na jingina, sai ga fuskarta ta cika min ido. Ta leƙo, tsintsiya a ƙirji, leɓenta na bin ayar da yake karantawa, hawaye har haɓa. Na danna.

Da na ja bakina, da shi ke nan. Ina! Na ɗaga kyamara na ce, "Jama'a, ku zo ku ga aiki! Daga nan har rumbu, ko ɗigon hawaye bai ɓace ba!"

Mata suka yo caa. Wata abokiyar wasanta ta kwashe da dariya: "Ashe da ido kike sharar, Hajara!" Kyamara ta bi hannu-hannu har ta isa wurin Goggo, surukar Hajara. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min.

"Baiwar Allah, hoton mai sauka aka kira ki ɗauka, ko leƙen bayan rumbu?"

"Goggo, gwaji nake yi..."

"A kan 'yar mutane? Tun da ta haife shi take riƙe da fuskarta a gidan nan. Yau kin tsiraita ta a gabansa."

Habibu ya sunkuyar da kai, karatu ya tsaya. Hajara ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na goge hoton a gaban Goggo, na je bakin ƙofar na durƙusa.

"Hajara, don Allah ki yafe min. Na goge shi."

Daga ciki ta ce, "Je ki goge a idonsu."

Har aka watse ba ta fito ba. Saukar ɗanta guda, a bayan ƙofa ta ƙarasa ta. Ni ma ba a sake kirana ko bikin suna a gidan ba.

Gilashin dai ba shi da aibi, mai riƙonsa ce ke da shi. Yanzu in na ga mace ta matsa can nesa a taro, na san ba wurin gwaji ta ba ni ba.